Nawa Ya Kamata Mai Gyaran Hoto Ya Riƙa Karɓa?

Kamar yadda muka saba, ga amsar da muka bayar a filinmu na amsa wasiƙun masu sauraro. Mun buga ta a nan saboda waɗanda ba su sami damar ji ba, da kuma waɗanda suka ji amma suna son su ajiye lissafin da ke ciki.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani saurayi da ke zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Gumel, yana cin kasuwar Maigatari. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce shi manomi ne ɗan manomi, amma da rani ya koyi gyaran hoto da wayarsa da wata tsohuwar kwamfuta da wansa ya bar masa. Yanzu mutane suna kawo masa hotunan biki da na suna, da hotunan iyayensu da suka rasu, har da 'yan kasuwa masu son a gyara hoton kayansu kafin su tura wa masu saye. Damuwarsa ita ce, ya yi wata takwas yana wannan aiki amma bai ga abin da ya tara ba. Wani ya miƙa masa Naira 200, wani ya ce Allah ya saka da alheri ya yi gaba, wani kuwa cewa yake yi ai danne-danne ne kawai, me aka yi da za a biya? Ga shi batirin wayar ya kumbura, ba shi da kuɗin wata. Mahaifinsa kuma ya ce idan ruwa ya sauka ya ajiye wannan wasan yara ya kama fartanya. Tambayarsa ita ce: nawa ya kamata ya riƙa karɓa, kuma yaya zai faɗa wa mutane ba tare da an ce ya cika son kuɗi ba?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Da farko dai ba za mu zauna a ɗakin watsa shiri mu yanka maka farashi ba, domin abin da ake biya a Kano daban, na Maigatari daban, kuma kuɗin da muka faɗa yau watakila kafin kaka ya zama labari. Abin da za mu yi shi ne mu nuna maka yadda za ka fitar da farashin da kanka, da irin lissafin da kai da mahaifinka kuka riga kuka sani a gona.

Saboda dattawan da ba su san aikin ba, gyaran hoto shi ne a ɗauki hoton da aka riga aka ɗauka a kyautata shi. A ƙara masa haske idan ya yi duhu, a sauya abin da ke bayan mutum, a share tabo ko ƙurji a fuska, a ɗinke wurin da ya yage ko gara ta ci, a sa rubutu idan kalanda ko fosta ake so. Sana'ar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 19 masu ɗaukar hoto a Turai suna bin fuskar mutum da fensir a jikin gilashin da aka ɗauki hoton, wasu kuma su shafa launi da hannu a kan hoto mai baƙi da fari, kuma ana biyansu a kan haka. Manhajar da ta fi suna a wannan aiki, watau Photoshop, wasu 'yan'uwa biyu ne a Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, suka ƙirƙiro ta, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. Saboda haka wanda ya ce maka wasan yara ne, ka gaya masa da ladabi cewa sana'a ce mai kakanni.

Yanzu mu koma gona. Ka san hanya biyu ake ɗaukar mai aiki. Akwai ƙwadago, inda mutum zai zo da safe ya yi noma zuwa lokacin da aka saba tashi, a biya shi kuɗin yini, ko ya yi kunya ashirin ko ya yi talatin. Akwai kuma jinga, inda za a zagaya gonar tare da shi, ya duba faɗinta da yawan ciyawarta, ya ce zai nome ta a kan kaza, ko kwana biyu ta ɗauke shi ko kwana biyar. Masu gyaran hoto a duk duniya a kan waɗannan hanyoyi biyu suke, wasu suna karɓar kuɗin awa, wasu kuma kuɗin kowane hoto. A ƙauye da kasuwa babu wanda zai yarda ya biya ka kuɗin awa, domin ba ya tsaye a kanka, bai san ko barci ka yi ba. Jinga ita ce za ta yi maka. Amma ka lura da ɗan jinga mai wayo. Kafin ya buɗe baki, ya riga ya yi lissafi a zuci: wannan gona za ta ci mini kwana huɗu, kuɗin yini kaza ne, ke nan ƙasa da kaza ba za ta fisshe ni ba. Watau da ma'aunin ƙwadago yake auna jingarsa. Matsalarka, Malam, ita ce kana karɓar jinga ba ka san kuɗin yininka ba.

Ga yadda za ka san shi. Sami littafi da biro. Alƙaluman da za mu faɗa misali ne kawai don lissafin ya fito fili, kai sai ka sa naka na gaskiya.

Rubuta duk abin da aikin yake ci a wata. A ce data tana cin Naira 6,000. Caji, ko man janareto, ko abin da kake biyan mai sola, Naira 9,000. Kuɗin rumfa ko benci a kasuwa, Naira 5,000. Kuɗin mota zuwa gari inda ake wanke hoto, Naira 4,000. Sai kuma abin da kusan kowa yake mantawa, wanda shi ne ya kai ka halin da kake ciki, watau tsufan kayan aiki. Mai injin ban ruwa ya san injinsa ba zai dawwama ba, mai shanun huɗa ya san wata rana zai sake su. Waya ma haka take, kowane hoto da ka gyara yana cin wani abu daga rayuwarta. Idan wayar da za ta yi maka aiki ta kai Naira 180,000, kuma kana sa ran za ta yi wata 30, to kowane wata Naira 6,000 ke nan. Wannan kuɗi ba naka ba ne, na waya ne. Ka zuba shi a adashi ko asusu, ka ɗauke idonka daga kansa. Idan ka haɗa duka, Naira 30,000 ke nan a wata, tun ba ka sayi ko ƙosai ba.

Idan kana biyan kuɗin manhaja, shi ma ka sa. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sabuwar Photoshop sayarwa ta mutu-ka-raba, ya mai da ita haya, ana biya wata-wata ko shekara-shekara. Akwai waɗanda ba a biya, kamar GIMP a kwamfuta da Snapseed a waya, kuma ga mai farawa sun isa su yi yawancin aikin da za a kawo masa.

Bayan kuɗin da aiki ya ci, sai naka ladan. Nawa kake son ka shiga gida da shi a wata? Kada ka ji nauyin rubutawa, littafinka ne. Mu ɗauki Naira 70,000, watau mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a watan Yuli na 2024. Idan ka haɗa da 30,000 na ɗazu, ya zama Naira 100,000. Wannan shi ne abin da sana'ar za ta kawo a wata kafin a ce ta riƙe kanta kuma ta riƙe ka.

Sai a raba shi da awoyin aiki, kuma a nan ne mutane suke yaudarar kansu. Kana iya wuni a rumfa daga hantsi zuwa magariba, amma ba duk wunin kake gyara ba. Akwai jiran masu kawo aiki, akwai hira, akwai salla da cin abinci, akwai lokacin da sabis ya ɗauke, akwai ranar da ka tafi wankin hoto. Idan ka sami awa 4 na ainihin aiki a yini ka gode Allah. Awa 4 sau kwana 25, awa 100 ke nan. Naira 100,000 a raba gida 100, kowace awa ta tashi a Naira 1,000. To wannan shi ne kuɗin ƙwadagonka. Ba sai ka gaya wa kowa ba, a zuci za ka riƙe shi kamar yadda ɗan jinga yake yi.

Akwai wani ma'auni na biyu da zai taimake ka wajen mahaifinka. Tambayi nawa ake biyan ɗan ƙwadago a yini a ƙauyenku a wannan damina. Duk yinin da ka bar gona ka zauna gyaran hoto, ko dai a ɗauki wani a madadinka ko ciyawa ta ci gonar. Idan abin da ya rage maka a yinin, bayan ka cire kuɗin data da caji da na waya, bai kai kuɗin ɗan ƙwadagon nan ba, to tsohon yana da gaskiya, ka kama fartanya har a gama maimai. Idan kuwa ya ninka, sai ka buɗe masa littafin ya gani. Iyaye ba su cika musu da lissafi ba.

Abu na gaba, ka san minti nawa kowane irin aiki yake ci. Kada ka yi kirdado. Ka ɗauki mako biyu kana duba agogo, kana rubuta lokacin da ka fara da lokacin da ka gama, har da mintocin da ka ɓata wajen karɓar hoto da tura shi. Za ka ga aikin ya kasu da kansa. Akwai ƙarami, kamar ƙara haske ko sauya bayan hoto, wanda bai wuce minti 15 ba. A lissafinmu Naira 250 ke nan, amma ka sa wa kanka ƙa'ida cewa akwai kuɗin da ba ka buɗe waya a ƙasa da shi, a ce Naira 300 ko 500, domin ko ƙaramin aiki sai an yi gaisuwa da bayani da turawa. Akwai matsakaici, kamar gyaran fuskar amarya da kayanta, ko haɗa kalandar biki mai suna da kwanan wata, wanda zai ci minti 45 zuwa awa guda, watau Naira 750 zuwa 1,000. Hoton da ke da gashi a buɗe, ko mayafi mai raga, ko mutum goma a jere, ya fi cin lokaci, sai ka ƙara. Kuɗin wanki da na firem kuwa ka ware su dabam, ka faɗe su dabam, don kada mutum ya ɗauka duk aljihunka suka shiga.

Sai babban aiki, watau tsohon hoto, wanda muke son mu ɗan tsaya a kansa. Mutum zai zo maka da hoton mahaifinsa da aka ɗauka shekara arba'in da suka wuce, an ciro shi daga ƙasan adaka, ruwa ya taɓa shi, ya karye a tsaka, gefen rawani ya goge. Shi ke nan hoton da ya rage a duniya. Irin wannan yana iya cin awa uku ko huɗu, watau Naira 3,000 zuwa 4,000, kuma ba ka da dalilin jin kunyar faɗa. Amma akwai sharuɗɗa. Ka ɗauki hoton hoton, ko ka sa shi a na'urar kwafa, ka mayar wa mai shi da na asali nan take, kada ya kwana a hannunka, domin in ya ɓata babu kuɗin da zai biya shi. Sa'an nan ka gaya masa gaskiyar abin da zai yiwu. Inda hoto ya goge gaba ɗaya, ba dawo da shi za ka yi ba, ƙirƙira za ka yi. Manhajojin zamani masu aiki da ƙirƙirarriyar basira suna iya fito da fuska tas cikin daƙiƙa kaɗan, amma sau da yawa sai su sake wa mutum hanci ko ido, su share masa tsagar gado da ke kumatunsa don sun ɗauka tabo ne. Sai a kai hoto gida, tsohuwa ta duba ta ce wannan ba Malam ba ne. Abin da ake biyan ka a kai shi ne ka san inda za ka tsaya, ka bar wa mamaci kamanninsa. Kafin ka wanke, ka tura a nuna wa wanda ya fi kowa sanin fuskar.

Wannan ya kawo mu ga masu cewa ai waya ce take yi. Gaskiya ne, yanzu waya tana cire bayan hoto da kanta, kuma kyauta. Kada ka yi gardama a kan wannan, kuma kada ka dogara da irin wannan aiki don kuɗinsa zai yi ta raguwa. Idan mutum ya ce zai iya da kansa, ka nuna masa yadda ake yi ma, ba ka yi asara ba, gobe shi zai kawo maka wanda ya gagare shi. Keken ɗinki ma kowa yana iya saye, amma ba a daina kai wa tela ɗinki ba.

Yanzu sai yadda ake ciniki, wanda a ganinmu nan ne rabin kuɗinka yake zubewa. Daga wasiƙarka mun fahimci sai ka gama aiki sa'an nan ka ce a ba da abin da ya sauwaƙa. Malam, ko a kara babu wanda yake sakin igiyar akuya sa'an nan ya tambayi nawa za a biya. Malamanmu ma, a babin ciniki na littafin Risala, sun yi bayanin cewa ijara tana inganta ne idan an ambaci lada kuma an san iyakar aikin. Ke nan faɗin kuɗi tun farko ba rashin kunya ba ne, shi ne ma abin da ya fi dacewa, domin yana kashe rigima.

Kada ka yanka kuɗi sai ka ga hoton, kamar yadda ɗan jinga ba ya yanka wa gonar da bai taka ba. Ka buɗe shi ka ƙara girmansa ka duba. Hoton da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ta WhatsApp yakan rage ƙarfi, domin manhajar tana matse shi. Ka ce a turo maka na asali, a matsayin fayil. Masu wanki suna son ɗigo 300 a kowane inci, watau ƙaramin kati mai inci 4 da inci 6 yana bukatar ɗigo 1,200 a faɗi da 1,800 a tsawo. Idan hoton bai kai ba kuma ana son a yi babban firem da shi, ka faɗa tun kafin a biya kuɗin wanki, in ba haka ba zai fito dishi-dishi a ɗora maka laifi.

Ka kuma yanka yawan gyaran da za a dawo da shi. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a aikin biki. Ka gama kalanda, ango ya ce ta yi, sai ƙanwar amarya ta ce a sauya launi, gobe gwaggo ta ce a ƙara sunan mijinta, jibi a ce an ɗaga ranar ɗaurin aure. Aikin awa guda ya koma awa huɗu a kan kuɗin awa guda. Ka ce tun farko: kuɗin nan ya haɗa da gyara sau biyu, na uku sai an ƙara kaza. Kuskuren da kai ka yi, kamar ka rubuta suna ba daidai ba, wannan kai za ka gyara kyauta ko sau nawa ne. Kuma ka ce mutum ɗaya ne zai riƙa yi maka magana a madadin gidan.

Sai kafin alƙalami. Duk aikin da ya wuce ƙarami, a ba ka rabi kafin ka fara, kuɗin wanki kuwa a ba ka duka. Idan ka gama, ka tura samfuri mai rubutun sunanka a tsakiya, sai an cika maka sa'an nan ka tura wankakke. Idan ta banki aka ce an turo, ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka, kada ka yarda da hoton rasit, kai da ka fi kowa sanin yadda ake gyara hoto. Da yake kana bakin iyaka, masu zuwa daga Nijar za su biya ka da sefa, sai ka tambayi canjin ranar a kasuwa kafin ka ce ka sallama.

Lokacin zaɓe za a zo maka da aikin fosta, a ce ka yi, Honarabul zai gan ka idan an ci. Wannan a biya duka kafin ka taɓa. Ba mu ce kowa macuci ne ba, amma wanda ya faɗi ba ya ɗaukar waya, wanda ya ci kuma ya sake lamba.

'Yan'uwa da abokai fa? Ka yi wa wanda ka ga dama kyauta, alheri ne, amma ka faɗa masa: aikin nan na Naira 1,000 ne, na bar maka. Ta haka ya san kyauta aka yi masa, kuma ba zai je ya gaya wa wasu cewa kai ba ka karɓar kuɗi ba. Mai kawo aiki da yawa, kamar mai ɗaukar hoton biki da zai ba ka hoto hamsin a lokaci guda, ya cancanci ragi irin na sari, domin hotunan wuri ɗaya aka ɗauke su da haske iri ɗaya, gyaran da ka yi wa na farko zai hau sauran. Amma ka koma ga agogo: idan hamsin ɗin za su ci awa biyar, ƙasa da Naira 5,000 faɗuwa ce komai daɗin bakinsa. Mai gaggawa kuma, wanda zai hana ka barci don gobe ne suna, ya ƙara wani abu.

Ka rubuta farashinka a kwali ka rataye a rumfa. Mutanenmu sun saba da tayi, saboda haka ka bar ɗan wurin ragi a sama, amma ka san ƙasan da in an taya ƙasa da shi za ka ce albarka. Ka kuma zagaya ka ji abin da sauran masu sana'ar suke karɓa a Gumel ko Haɗeja. Idan lissafinka ya fi nasu nesa, ko dai hannunka bai yi sauri ba tukuna, wanda ba laifin mai kawo aiki ba ne da za ka ɗora masa, ko kuma kashe-kashenka sun yi yawa. Idan kuwa wani sabon shiga ya karya farashi ƙasa da abin da zai mayar da kuɗin data, kada ka bi shi. Nan da 'yan watanni shi ma batirinsa zai kumbura.

Farashi kuma ba a kafa shi a bar shi. Ka tuna bayan jawabin 29 ga Mayu, 2023, da aka ce an janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Wanda bai taɓa kwalinsa ba a tsakanin nan, aikin banza ya yi ta yi. Dabara mai sauƙi ita ce, ranar da ka rubuta farashi ka rubuta kuɗin kwanon gero da na litar mai a gefe. Duk wata uku ka duba. In sun motsa sosai, kai ma ka motsa, ka sanar da mutane mako biyu kafin ranar.

Akwai kuma aikin da ba shi da farashi, ko nawa aka ba ka. Tunda kasuwar dabbobi kake ci, za a kawo maka hoton rago ko sa wanda za a tura wa mai saye a Legas ko Fatakwal kafin Babbar Salla. Ka gyara haske, ka cire tarkacen da ke baya, babu laifi. Amma idan aka ce ka cike masa haƙarƙari, ka ƙara masa ƙaho, ko ka share ciwon da ke ƙafarsa, wannan algus ne, daidai da zuba tsakuwa a buhun wake, kuma da hannunka a ciki. Haka hoton da za a kai wa mai neman aure ko wadda ake nema, idan aka sauya kamanni har mutum ya zama wani. Turawa ma da suka ƙago abin sun ga illarsa: a Faransa tun watan Oktoba na 2017 doka ta tilasta a rubuta cewa an gyara hoto a jikin duk tallan da aka rage ko aka ƙara jikin mai tallar. Sauya suna ko maki a takardar makaranta, ko adadin kuɗi a rasit, ko kwanan wata a katin shaida, wannan jabu ne, kotu ake zuwa. Hoton fasfo da za a kai ofis kada ka taɓa fuskar. Haɗa fuskar wani da jikin wani don a ci masa mutunci, ko da wasa aka ce, ka ce ba ka yi.

Hotunan matan mutane da ke wayarka amana ne. Ka goge su bayan an karɓi aiki, sai fa in mai shi ya ce ka ajiye masa, kuma kada ka sa hoton kowa a Facebook don tallar aikinka sai da izninsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a watan Maris na 2023, ta sa hoto cikin ayyukan da take karewa. Ko babu doka ma, a ƙauye magana ɗaya ta isa ta rufe maka rumfa.

Ka yi tambaya a ƙarshen wasiƙarka game da samun aiki daga ƙasashen waje ta intanet, a biya ka da dala. Akwai shi, a dandali irin su Fiverr da Upwork. Sai dai ka sani Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya ka, ga kuɗin ciro shi zuwa bankinka, kuma za ka yi gogayya da dubban masu gyara na Bangaladash da Indiya waɗanda suka daɗe a harkar. Ana bukatar Turanci da wuta da sabis mai ƙarfi. Shawararmu ita ce ka fara tsayar da lissafinka a gida tukuna. Duk wanda kuma ya ce ka turo kuɗin rajista kafin ya ba ka aiki, ɗan damfara ne.

Ku kuma jama'a masu kai aiki, manoma da 'yan kasuwa, ku tambayi kuɗi kafin yaro ya fara, ku taya in kuna so, in an daidaita ku cika. Mai buhu ba ya yarda a ɗebi masararsa a ce Allah ya saka, shi ma data da caji da kuɗi ya saye su.

Malam, ka yi mako biyun nan da agogo da littafi, sa'an nan ka sake rubuto mana ka gaya mana nawa awarka ta tashi, za mu karanta a fili don wasu su amfana. Tambayar da wata baiwar Allah ta aiko daga Matamai, game da yadda za ta adana tsofaffin hotunan gidansu kada danshin damina ya lalata su, ita za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.